Labarai Daga Bakin Injin Niƙa

A unguwarmu a Darazo ba ma jiran rediyo.
Ni ne Babayo mai inji.
Kunnena na hagu ƙarar bel ta cinye shi
shekara goma sha ɗaya ke nan,
amma ba abin da zai faru a garin nan
bai fara biyowa ta bakin kwanona ba.

Ban cika jin abin da ake faɗa ba.
Tiya nake karantawa.

Jiya da hantsi ƙanwar Jauro Sale
ta sauke gero tiya bakwai,
da citta, da jar kanwa a ƙullin leda.
Na ɗaga gira: namiji ko mace?
Ta ɗaga mini yatsu biyu, tana dariya.
To, Jauro, sai a nemo rago na biyu,
ga kasuwa ba ta san tagwaye ba.

Waken Ladidi mai ƙosai ya ragu da rabi.
Ko 'yan firamare sun tafi hutu,
ko man gyaɗa ya sake hawa.
Da na ga yadda ta ɗaure ɗankwali
na san duka biyun ne.

Kwana huɗu masara na zuwa ba wanki,
dusa maƙale a jikinta kamar ƙaiƙayi.
Ba sai an gaya mini ba,
famfon bakin asibiti ya sake tsayawa.
An ce an kafa kwamiti.
An ce kwamitin har ya sayi littafi da biro.

Wani labarin kuma injin ne ke niƙa shi.
Ranar Laraba wata ta ɗaga murya cikin ƙara:
"An kama akuyar Bappa a gonar liman!"
Ta bayanta ba ta ji akuya ba.
Kafin azahar, a bakin mutane,
an kai Bappa Bauchi da ankwa,
kafin la'asar an yanke masa wata shida.
Shi kuwa yana gindin darbejiya
yana facin tayar kekensa,
ana ta zuwa yi masa barka da fitowa,
yana amsawa, don bai son gardama.
Akuyar ce har yanzu ba a yi belinta ba.

Yau kuma.

Tun ina yaron inji, ban kai bakin mazubi ba,
Goggo Yelwa ke aiko da dawa tiya biyu
duk ranar Alhamis, tata da ta Malam Hammadu.
An binne Malam farkon damina.
Aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in,
tiya biyu ba ta fasa ba.
Baki ya yi haƙuri, hannu bai yarda ba.
Ina niƙawa, ban ce komai ba.

Yau jikarta Dudu ta ajiye kwano,
na buɗe faifai.
Tiya ɗaya.

Na kashe inji.

Shiru ya faɗo mana kamar an kifa ƙwarya.
Da kunnena ɗaya na ji guga a rijiyar masallaci,
na ji gudumar Ɗanjuma maƙeri,
na ji wata kaza can tana shelar ƙwanta
kamar ita kaɗai ke da labari a garin.

Dudu ta ce, "Mai ne ya ƙare?"
Na ce, "A'a, bel nake dubawa."
Na duba bel ɗin da ba abin da ya same shi,
na share gari daga idona,
na ja igiya.

Layi ya matso.
Ga wani yaro da ban sani ba,
da tsakin shinkafa a sabon bokiti,
takarda ma ba a ɓare ba.
Baƙi sun tare a gidan marigayi Tela ke nan.
Gobe zan ji ko su wane ne,
idan ba a niƙe sunan a hanya ba.